Shin Ko Kun San? Yadda Ake Gano Mai Cin Oscar Kafin A Buɗe Ambulan

Shin ko kun san cewa a bikin Oscar na farko babu wanda ya hana idonsa barci yana kintace? Ranar 16 ga Mayun 1929 aka yi shi, a otal ɗin Roosevelt da ke Hollywood. Mutum wajen 270 suka zauna cin abinci, tikiti dala 5, rabon kyaututtukan kuwa cikin minti 15 aka gama. Tun wata uku kafin ranar an faɗi waɗanda suka ci. Emil Jannings, gwarzon jarumi na farko, bai ma jira bikin ba. Ya karɓi tasa da wuri, ya kama hanyar Jamus.

Shin ko kun san jarida ce ta jawo ake rufe sakamakon a ambulan? Da can ana ba 'yan jarida sunayen tun da rana, bisa alkawarin ba za su buga ba sai ƙarfe 11 na dare. A 1940 jaridar Los Angeles Times ta kasa haƙuri, ta saka su a bugun farkon dare, har wasu baƙi suka karanta sakamakon kafin su shiga zaure. Daga 1941 aka koma ambulan a liƙe. Tun da aka ɓoye abin, sai aka samu masu son tono shi, kuma yau kintacen Oscar sana'a ce da mutane ke cin abinci da ita wata shida a shekara.

Shin ko kun san masu kallo ba su da ƙuri'a ko ɗaya a Oscar? 'Yan sana'ar fim ne ke zaɓen junansu, mambobin ƙungiyar da ake kira Akadami, su kimanin dubu 10. A zagayen farko kowa sashensa yake zaɓa: 'yan wasa su fitar da 'yan wasa, daraktoci su fitar da daraktoci, masu tace hoto su fitar da nasu. Gwarzon fim ne kowa ke sa baki a kansa. A zagaye na biyu kuma kowa na iya jefa ƙuri'a a kowane rukuni. Shi ya sa gwanin kintace ba ya ɓata lokaci kan tambayar wane fim ya fi kyau. Abin da yake bi shi ne: su wane ne waɗannan dubu goman, me suka kalla, me ke sosa musu rai a bana?

Kuma mutanen sun canza. A 2012 Los Angeles Times ta bi diddiginsu, ta gano kashi 94 cikin ɗari fararen fata ne, kashi 77 maza, tsaka-tsakin shekarunsu 62. Bayan hayaniyar 2015 da 2016, lokacin da aka yi shekara biyu a jere duk 'yan wasa 20 da aka tsayar takara farare ne, sai Akadami ta buɗe ƙofa. A 2017 ta gayyaci Amitabh Bachchan da Aamir Khan da Salman Khan. A 2018 ta gayyaci mutum 928 a tashi ɗaya, cikinsu har da Shah Rukh Khan da Omotola Jalade-Ekeinde. Genevieve Nnaji ta samu tata gayyatar a 2020, shekarar da Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzon fim. Wanda ya riƙe tsohon lissafi a shekarar, ya sha ƙasa.

Shin ko kun san kakar Oscar tana farawa ne tun damina ba ta ɗauke ba a nan wajenmu? Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba ake bukukuwan baje kolin finafinai guda uku a jere: na Venice a Italiya, na Telluride, wani ɗan ƙaramin gari a tsaunukan Colorado, sai na Toronto a Kanada. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan ce Larabar. Masu kintace sun fi zuba ido kan Toronto, domin a can 'yan kallo ne ke zaɓen gwaninsu, ba wasu alƙalai bakwai ko tara ba. American Beauty, The King's Speech, 12 Years a Slave, Green Book da Nomadland duk sun fara cin kyautar 'yan kallon Toronto kafin su ɗauki gwarzon fim.

Labarin Slumdog Millionaire ya fi daɗi. A 2008 reshen kamfanin Warner da zai fitar da shi a Amurka ya rufe, har aka fara maganar a zuba shi a faifai kawai a huta. Aka kai shi Telluride da Toronto, zaure ya ɗauki tafi, 'yan kallo suka ba shi kyautarsu. A Fabrairun 2009 ya kwashe Oscar takwas, biyu daga ciki na A. R. Rahman ne. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan.

Shin ko kun san an daɗe ana cewa fim ɗin da ya ci babbar kyautar Cannes ta Faransa ba ya kai labari a Oscar? Bayan Marty na 1955 sai da aka yi shekara 64 ana jira. Sai ga Parasite, sai kuma ga Anora a 2025. Haka aka daɗe ana cewa fim ɗin da bai fito a ƙarshen shekara ba mantawa ake yi da shi. Everything Everywhere All at Once a Maris ya fito, Oppenheimer a Yuli, kowannensu ya tashi da Oscar bakwai.

Shin ko kun san yabon masu sharhin finafinai shi ne ya fi yaudarar sabon shiga? A Disamba ƙungiyoyinsu na New York da Los Angeles da sauran birane ke fitar da gwanayensu, jaridu su yi ta yayatawa. To amma ba su ne ke zaɓe ba. A ƙarshen 2010 The Social Network, fim ɗin kafuwar Facebook, ya share kusan duk kyaututtukan masu sharhi, ya haɗa da Golden Globe. Kowa ya ce magana ta ƙare. Da Janairu ya raba tsakiya, ƙungiyoyin 'yan sana'a suka fara magana: furodusoshi suka ba The King's Speech, daraktoci suka ba shi, 'yan wasa ma suka ba shi. Fim ɗin sarkin Ingila mai i'ina, George na Shida, shi ya tafi da Oscar. Amfanin masu sharhi shi ne su sa a kalli fim ɗin da za a iya tsallakewa. Iyakarsu ke nan.

Shin ko kun san ƙungiyar daraktocin Amurka ce bokan da ya fi kowa faɗar gaskiya? Tun 1948 take ba da kyautarta, kuma lokutan da gwaninta ya rasa Oscar ɗin darakta ba su kai goma ba. Amma idan ta kuskure, kuskuren na ban mamaki ne. Ta ba Steven Spielberg a kan The Color Purple na 1985, alhali Akadami ko takara ba ta tsayar da shi ba, fim ɗin kuma ya shiga rukuni 11 ya fito hannu rabbana. Ta ba Ben Affleck a kan Argo, shi ma ba ya cikin 'yan takarar Oscar. Sai dai wannan karon tsallake shi da aka yi ya zame masa alheri: mutane suka ji an zalunce shi, Argo ya yi ta ci a kowane biki har ya ɗauki gwarzon fim a 2013.

Shin ko kun san fim na iya fin kowa ƙuri'a a ƙirgen farko, ya kuma faɗi? A nan gizo ke saƙar. Tun bikin 2010 aka ƙara yawan finafinan da ke takarar gwarzon fim daga biyar zuwa goma, bayan ƙorafin da ya biyo bayan barin The Dark Knight a waje. Tare da haka aka canza yadda ake zaɓe. A sauran rukunai suna ɗaya kake dangwalawa, mai rinjaye ya ɗauka. A gwarzon fim jera su kake yi, daga wanda ka fi so zuwa na ƙarshe.

Mu ƙaddara masu zaɓe 100 ne, finafinai uku, mu kira su Ja da Kore da Fari. Aka ware takardu tuli uku bisa zaɓin farko: Ja na da 38, Kore 33, Fari 29. A zaɓen da muka saba, da an ɗaga hannun Ja an watse. A nan sai fim ya haura rabi. Don haka a rushe tulin Fari tunda shi ne ƙarami, a ɗauki takardunsa ɗaya bayan ɗaya a duba abin da kowa ya sa a na biyu. Aka tarar 21 sun sa Kore, 8 sun sa Ja. Kore ya koma 54, Ja ya tsaya a 46. Kore ya ci. Da finafinai goma haka za a yi ta rushe ƙaramin tuli har wani ya haye.

Abin nufi, fim ɗin da wasu ke mutuwar so, wasu kuma ke tsana, yana cikin hatsari. Wanda kowa ke cewa "ba laifi, ya yi" ya sa shi a na biyu ko na uku, shi ne abin tsoro. Da wannan ake fassara yadda Green Book ya doke Roma a 2019, da yadda CODA ya doke The Power of the Dog, mai takara 12, a 2022. Na ce fassara, domin Akadami ba ta fitar da adadin ƙuri'u. Duk wanda ya ce muku fim kaza ne ya zo na biyu, shi ma kintace yake yi.

Ƙungiyar furodusoshi irin wannan ƙirgen take yi, shi ya sa ake ɗaukar sakamakonta kamar gwajin jarrabawa. A 2014 ma kunnen doki aka yi a wajenta tsakanin Gravity da 12 Years a Slave. Amma ta ba The Big Short, ta ba La La Land, ta ba 1917, kuma duk ukun sun faɗi.

Shin ko kun san 'yan wasa ne sashe mafi girma a Akadami? Sun haura dubu ɗaya. Shi ya sa ake kasa kunne ga kyautar ƙungiyarsu, wadda aka fara a 1995, ko da yake masu zaɓe a can sun fi dubu 100, har da ma'aikatan rediyo da talabijin. A Janairun 2020, da 'yan wasan Parasite suka hau dandali don gabatar da fim ɗinsu kawai, zaure ya miƙe tsaye yana tafi, tun ba a ba su komai ba. Masu kaifin ido a daren suka fara sauya lissafi.

Shin ko kun san kyautar BAFTA ta Landan ba ta cika dacewa a gwarzon fim ba, amma ta iya tona asirin 'yan wasa? Daga 2015 zuwa 2020, shekara shida a jere, fim ɗin da ta zaɓa bai ci Oscar ba. Amma idan za a yi juyin mulki a rukunin jarumai, a Landan ake fara jin ƙishin-ƙishin, saboda akwai ɗaruruwan mutane da ke zaɓe a wuraren biyu. Mark Rylance kafin ya kayar da Sylvester Stallone a 2016, Olivia Colman kafin ta kayar da Glenn Close a 2019, Mikey Madison kafin ta kayar da Demi Moore a 2025, duk sun riƙe BAFTA a hannu. Sai 2023 ta zo ta kunyata mu: cikin 'yan wasa huɗu da BAFTA ta zaɓa babu ko ɗaya da ya ci Oscar.

Shin ko kun san Golden Globe, da duk ƙyale-ƙyalenta, mutum 87 ne kacal ke zaɓenta har zuwa 2021? 'Yan jaridar ƙasashen waje ne mazauna Los Angeles, kuma a shekarar aka bankaɗo cewa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Tom Cruise ya mayar da kyaututtukansa uku, tashar NBC ta ƙi nuna bikin 2022, a 2023 aka rushe ƙungiyar, masu zaɓen suka koma wajen 300. Ƙuri'arsu ba ta da alaƙa da ta Oscar. Abin da ke da tasiri shi ne minti biyun da mai nasara ke samu a gaban talabijin a farkon Janairu, daidai lokacin da 'yan Akadami ke shirin cika takardunsu. Fernanda Torres ta Brazil ta ci a Janairun 2025, mutane suka nemi fim ɗinta I'm Still Here suka kalla, sai ga shi har cikin takarar gwarzon fim. Mahaifiyarta, Fernanda Montenegro, ta yi takarar gwarzuwar jaruma a 1999.

Shin ko kun san ana yaƙin neman zaɓen Oscar kamar na 'yan siyasa? Allunan talla a titunan Los Angeles, shafuka a mujallun Variety da The Hollywood Reporter, liyafa, nuna fim kyauta, jarumi ya yi wata huɗu yana gaisawa da mutane yana maimaita labari ɗaya. Wanda ya mayar da abin yaƙin gaske shi ne Harvey Weinstein, da ya tura Shakespeare in Love har ya doke Saving Private Ryan a 1999. Shi ne dai aka kora daga Akadami a 2017 kan cin zarafin mata. Rahotanni sun ce abin da Netflix ya kashe wajen tallata Roma ya zarce dala miliyan 15 da aka kashe wajen shirya shi. Anora kimanin dala miliyan 6 ya ci, fitar da shi da kamfen ɗinsa kuma aka ce sun kai ninki uku.

Wanda ba shi da kuɗi sai ya yi dabara. A Nuwamban 2006 darakta David Lynch ya ɗauko kujera ya zauna a bakin titin Hollywood Boulevard. A gefe guda ga ƙaton hoton jarumarsa Laura Dern, a ɗaya gefen ga saniya, mai rai, a tsaye tana kallon motoci. Masu wucewa suka yi ta tsayawa ɗaukar hoto. Laura Dern ba ta samu takara ba. Saniyar dai ta shiga tarihi.

Dabarar da ta yi aiki ita ce ta Janairun 2023. To Leslie fim ne da kuɗin da ya tara a sinima bai kai dala dubu 30 ba, kusan babu mai kintacen da ya sa jarumarsa Andrea Riseborough a lissafi. Ana cikin makon zaɓe sai manyan taurari irin su Kate Winslet da Gwyneth Paltrow da Edward Norton suka shiga yabonta a kafafen sada zumunta, suna shirya wa abokai kallo. Lissafin mai sauƙi ne: gurbi biyar, masu zaɓe dubu da 'yan kai, mutum ɗari biyu da wani abu suka sa ka a farko ka shiga. Ta shiga. Viola Davis ta The Woman King da Danielle Deadwyler ta Till, waɗanda kowa ya ba su gurbi, suka tsaya a waje. Akadami ta yi bincike, ta bar mata takararta, ta kuma tsaurara dokar kamfen.

Shin ko kun san tsohon rubutu a intanet na iya kashe fim? Emilia Pérez ya shiga rukuni 13 a Janairun 2025, yana kan gaba. Bayan kwana kaɗan aka tono tsofaffin kalaman jarumar fim ɗin, Karla Sofía Gascón, na ɓatanci ga Musulmi da wasu al'ummomi. Oscar biyu kawai fim ɗin ya tsira da su.

Shin ko kun san wani lokaci ba wasan bana ake saka wa ba, bashin baya ake biya? Al Pacino sai a 1993 ya ci, bayan an daɗe ana jin kunyar rashin ba shi. Martin Scorsese ya faɗi sau biyar a takarar darakta kafin The Departed a 2007. Leonardo DiCaprio sai da ya sha sanyi ya ci ɗanyar hanta a The Revenant. Amma kada ku dogara da tausayi: Peter O'Toole da Glenn Close kowannensu ya yi takara sau takwas bai ci ba. Abin da ya fi tabbas shi ne fitowa a matsayin mutumin da ya taɓa rayuwa. Forest Whitaker da Idi Amin ya ci, Daniel Day-Lewis da Lincoln, Gary Oldman da Churchill, Cillian Murphy da Oppenheimer. Ni dai ina zargin dalilin shi ne mai zaɓe na da ma'auni a hannu: ya san mutumin, sai ya gwada kama.

Shin ko kun san masana lissafi ma sun gwada sa'arsu? Nate Silver, wanda ya faɗi daidai a jihohi 49 cikin 50 a zaɓen shugaban Amurka na 2008, ya juyo kan Oscar a 2009. Cikin manyan rukunai shida huɗu ya samu. Ya ba Mickey Rourke, Sean Penn ya ɗauka. Zaɓen siyasa akwai dubban mutanen da ake tambaya kafin rana, su kuwa 'yan Akadami an hana su faɗin abin da suka zaɓa. Akwai shafuka irin su Gold Derby da ke tara hasashen ƙwararru da na 'yan kallo, akwai kuma gidajen caca da ke fitar da nasu alƙaluman. Yawanci duk bakinsu ɗaya, don juna suke kwafa.

Shin ko kun san masu shirya bikin kansu sun taɓa yarda da masu kintace, suka ji kunya? A Afrilun 2021 kowa ya sakankance marigayi Chadwick Boseman, jarumin Black Panther da ya rasu a Agustan 2020, shi zai ci gwarzon jarumi da Ma Rainey's Black Bottom. Ya ci Golden Globe, ya ci ta ƙungiyar 'yan wasa. Sai aka sauya tsarin da aka saba, aka gabatar da gwarzon fim da wuri, aka ajiye gwarzon jarumi a ƙarshe. Matarsa na zaune a zaure. Joaquin Phoenix ya buɗe ambulan ya karanta: Anthony Hopkins. Dattijon mai shekara 83 yana can Wales yana barci. Babu jawabi, babu mai hawa dandali, aka rufe taro haka nan. Makonni biyu kafin nan Hopkins ya ci BAFTA. Alamar na nan, ba a so a gani ba ne.

Shin ko kun san an taɓa ba fim gwarzon shekara na minti biyu da 'yan daƙiƙu, aka karɓe? Daren 26 ga Fabrairun 2017 ne. La La Land ya zo da takara 14, adadin da All About Eve da Titanic kaɗai suka taɓa kaiwa kafin lokacin. Ya ci Golden Globe bakwai, ya ci ta furodusoshi, ta daraktoci da BAFTA. Warren Beatty da Faye Dunaway suka fito don bayyana gwarzon fim. Beatty ya buɗe ambulan, ya zaro kati, ya duba, ya sake leƙa cikin ambulan kamar mai neman wani abu. Ya kalli jama'a, ya kalli Dunaway. Ita ta ɗauka jan rai yake yi, tana dariya tana ce masa ya yi sauri. Ya miƙa mata katin, ta hango sunan fim ta faɗa: La La Land. Tawaga ta cika dandali, furodusa na farko ya gode wa matarsa, na biyu ya yi nasa, na uku ya fara. A bayansu wani mutum da na'urar magana a kunne yana bi yana duba ambulan ɗin da ke hannun kowa. Sai Jordan Horowitz, ɗaya daga furodusoshin, ya dawo gaban makirufo ya ce an yi kuskure, Moonlight ne ya ci, kuma ba wasa yake ba. Ya fizgi katin gaskiya ya ɗaga wa kyamara.

Abin da ya faru: akantoci biyu na kamfanin PwC, mai ƙirga ƙuri'un tun shekarun 1930, kowanne na tsaye a gefe ɗaya na dandali da cikakken jerin ambulan. Ɗayansu ya miƙa wa Beatty kwafin ambulan ɗin gwarzuwar jaruma, mai ɗauke da sunan Emma Stone da fim ɗinta. Ta leƙo ta koma.

Su kuwa masu kintace, da gari ya waye sai suka tuna La La Land bai shiga takarar gwarzuwar tawaga a ƙungiyar 'yan wasa ba, kuma tun Braveheart na 1995 babu fim ɗin da ya rasa wannan ya ci. Suka riƙe dokar gam. Shekara na zagayowa The Shape of Water ya karya ta. Haka dokar tace hoto: daga 1982 duk fim ɗin da ya ci sai da ya yi takara a rukunin, har Birdman ya zo a 2015. CODA kuwa ba shi da takarar darakta, ba shi da ta tace hoto, rukuni uku kawai ya shiga, ya cinye ukun.

Shin ko kun san duk yawan finafinan Indiya, uku ne kawai suka kai biyar ɗin ƙarshe a rukunin finafinan ƙasashen waje har zuwa bikin 2025? Mother India, wanda iyayenmu suka yi ta kallo a sinimomin Kano, sai Salaam Bombay!, sai Lagaan. A wannan rukuni kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, kuma kwamitin gida ne ke zaɓa. A 2022 kwamitin Indiya ya tsallake RRR, duk da yadda Amurkawa suka haukace a kansa. Masu fim ɗin suka bi ta wata ƙofar, suka ci kyautar waƙa a 2023. Lagaan kuwa, Aamir Khan da kansa ya tare a Los Angeles yana neman masu zaɓe su zo su zauna kallon fim na kusan awa huɗu a kan wasan kurket. Ana zaton wuta a maƙera, wato Amélie na Faransa, sai ta tashi a masaƙa: No Man's Land na Bosniya ya ɗauka a 2002.

Shin ko kun san sau biyu Najeriya ta aika fim ɗin Hausa? Farkon shigarta da Lionheart na Genevieve Nnaji ne, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad suka fito a ciki. A Nuwamban 2019 aka cire shi, saboda doka ta ce yawancin maganar fim ta kasance ba Turanci ba, shi kuwa cikin minti 95 kusan 11 ne kawai ba Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya aka aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba, Maryam Booth ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi. A 2024 aka aika Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, da Adam A. Zango a ciki. Nijar ma ta aika Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta a 2018. Babu wanda ya tsallake matakin farko, inda ake tace finafinan ƙasashe sama da 80 a bar 15 a Disamba, kafin a fitar da biyar a Janairu. Sau uku fim ɗin da wata ƙasar Afirka ta aika ya ci wannan rukuni: Z na Aljeriya a 1970, Black and White in Color na Kwaddibuwa a 1977, da Tsotsi na Afirka ta Kudu a 2006.

A shekarar Mai Martaba fim ɗaya ne daga Afirka ya shiga 15 ɗin, Dahomey na Mati Diop, wanda Senegal ta aika. Ya riga ya ci babbar kyautar bikin Berlin tun Fabrairun 2024, kuma yana da kamfanin da ke nuna shi a Amurka. Don haka, mai karatu, duk ranar da aka ce maka fim ɗinmu ya nufi Oscar, tambayi mai maganar wane biki aka nuna shi, wane kamfani ke riƙe da shi a Amurka. Sunayen 'yan takara kuma da asubahin Los Angeles ake karanta su a Janairu, wajen ƙarfe biyu da rabi na rana agogon Kano da Yamai.